Bayanka Zan Zana, Yaya Habu

Assalamu alaikum, Yaya Habu. Gaisuwa da girmamawa daga ƙaninka, da fatan ƙasa tana yi maka sauƙi.

Labari na kawo maka. Na bar rubuta allon shaguna a Takur, yanzu ni nake yi wa 'yan wasan kwaikwayon Dutse ciwon ƙarya. Da auduga da jan fenti nake yi, sai ya fito a kaset kamar an watsa wa mutum miyar tumatir. Shi ya sa na tafi Kano sayen bindigar feshin fenti, ta farko a rayuwata.

Mai shagon ya miƙo min babba, irin ta masu fentin mota. Na ce a'a. Ya kawo wata da take zazzaga fenti da zarar ka taɓa kunamarta, ita ma na mayar. Ta uku siririya ce kamar biro, da allura a bakinta, hanyar iska daban ta fenti daban. Ya ba ni kwali in gwada, ni kuwa na naɗe hannun riga na fesa a fatata. Kallon mahaukaci ya yi min. Ina ruwana!

Bai san abin da nake nema ba. Bayanka nake nema, Yaya, yadda na gan shi ranar da yaran Alhaji Mamuda suka zane ka da dorina a kan iyakar gonarmu ta Miga. Ni na gasa maka shi da ruwan zafi. Na san duka ba ja yake fitowa a fatarmu ba. Baƙi ne mai sheƙi, gefensa ya tasa, tsakiyarsa ta fashe.

Kafin a kira ƙararka shatin ya kwanta. Alhaji ya dubi alƙali ya ce a nuna masa tabo ko ɗaya. Ka dawo gida kana cewa, "Bar shi da Allah, Sani." Har ciwon ƙirjin nan ya tafi da kai ba ka sake zancen ba.

To ni ban bar shi ba, wallahi ban yafe ba.

Mun tsara wasa a kan manomin da aka daka saboda gona. Ka san wa ya zo yana roƙon a ba shi matsayin manomin? Nura, autan Alhaji Mamuda, wanda yake karatu a nan Dutse. Yaron ba ruwansa, ko ƙwarzane ba zan yi masa ba. Amma gobe zai tuɓe riga ya ba ni baya, in zauna in mayar da kowane shati inda yake a naka.

Kaset ɗin kuma da hannuna zan kai shi gidan kallon Miga ranar kasuwa. Tabo ɗaya Alhaji ya nema. Zai ƙirga su duka a bayan ɗansa, a gaban mutanen gari.

Allah Ya jiƙanka, Yayana, Ya haskaka kabarinka. Ni kuma roƙona Ya ƙara wa Alhaji lafiyar ido.

Ƙaninka da ya ƙi haƙura,
Sani