Makullin Malam Usaini Ba Ya Cikin Akwati

Daga:
Rafi'atu Sale Gwarzo,
Ma'aikaciyar jinya,
Grand Concourse, Bronx, New York.

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Tajuddeen Maikano,
Shugaban Kwamitin Amintattu,
Ƙungiyar Zumuntar Direbobin Haya, Reshen Bronx.

Litinin, 20 ga Oktoba, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁACEWAR MAKULLIN MOTAR MALAM USAINI GARBA DAGA AKWATIN ƘUNGIYA, DA SAUYA KUJERUN MOTOCIN MAMBOBI BA DA SANINSU BA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Alhaji da iyali suna lafiya, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi gaban kwamitinku mai daraja. Ni ba mamba ba ce. Ƙanwar Balki ce, matar Malam Usaini Garba, mambanku mai lamba 47. A madadinsa nake rubutu, domin sau biyu ina ajiye masa takarda da biro, sau biyu yana tashi wai zai yi alwala.

1. A shekarar 2021 Malam Usaini ya sayi babbar motar kamfanin Halvern mai kujerar alfarma a baya ta hannun dama, wadda direbobi ke kira kujerar gwamna. Tana kwanciya, tana ɗaga ƙafa, tana ɗumama baya, tana tausa. Don fasinjoji masu hali ya saye ta. Sai a 2023 ciwon ƙashin baya ya kama Yaya Balki, har ta kai ba ta iya zama a miƙe na minti goma. Tun daga lokacin, a kan wannan kujera ake kai ta gashin ƙashi a Manhattan, Litinin da Alhamis. Sau ɗaya muka gwada tawa motar. Kafin mu haye gada ta ciji gefen mayafinta har ya huje.

2. Ranar Talata, 4 ga Maris na bana, kamfanin ya sanar cewa ya daina ƙera wannan kujera, kuma ba zai ƙara sayar da kayan gyaranta ba. Alhaji shaida ne kan yadda zauren ƙungiya na waya ya kama da wuta ranar. Waɗanda suka riga suka yi odar sabuwar mota suka yi ta tsine wa kamfani, wani ya rantse zai mayar da tasa wurin dilan motoci ko da za a ci rabin kuɗinsa. Aka tara sa hannun mutum sittin da wani abu aka aika, ba a ko amsa ba. Masu tsohuwar mota kuwa sai fankama. Malam Kwame, mutumin Kumasi, ya aiko da murya yana dariya: "Chale, 'yan uwa, ku yi ta kuka, ni kujerata ita ce fanshona." Kafin ƙarshen Afrilu duk hayaniyar ta mutu. Zagin ya tsaya, dariyar ma ta tsaya. Sai kiran waya daga lambobin da ba a sani ba, ana tambayar Malam Usaini ko zai sayar da tasa. Ya ce a'a. Aka sake kira ya ce a'a. Na ƙarshe bai yi ciniki ba, launin fatar kujerar kawai ya tambaya, ya kashe.

3. Ina tunatar da kwamiti, cikin ladabi, al'adar akwati. Saboda dokar sharar titi, wadda ke tilasta a kawar da mota daga gefen hanya a ranakun da aka ƙayyade ko a ci tara, kowane mamba yana ajiye makullinsa na biyu a akwatin ofis. Idan ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, a matsar masa da mota. Alhaji Tsoho ne mai riƙe da akwatin tun kafa ƙungiya. Babu littafi, babu sa hannu, babu mai tambayar wa ya ɗauka wa ya mayar, domin a wurinmu cewa dattijo ya sa hannu daidai yake da ce masa ɓarawo.

4. Malam Souley, wani mamba mai irin wannan mota, ya tafi Maraɗi a watan Yuni, ya dawo Laraba, 9 ga Yuli. Washegari ya ɗauki wani lauya, tsohon kwastomansa, daga filin jirgi. Mutumin ya laluba gefen kujera yana neman maɓallin kwantarwa, babu maɓalli. Launin fatar ɗaya ne, ɗinkin ɗaya ne, amma kujera ce ta gama-gari aka ɗaure a gurbin tasa. Malam Souley ya tsaya a gefen hanya ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya kallo har na bayansa suka cika unguwa da hon.

5. Malam Kwame ya tafi gida a watan Agusta, ya dawo Talata, 2 ga Satumba, ya tarar da irin wannan aika-aika. Bambancinsa da Malam Souley shi ne motarsa na haɗe da wayarsa. Wayar ta nuna cewa ranar 19 ga Agusta, daga ƙarfe goma na safe zuwa ɗaya da rabi, motar tana garejin Hakeem. Kwamiti ya san Hakeem bakanike ne, ya kuma san shi ke auren 'yar Alhaji Tsoho. Ba a fasa gilashi ba, ba a taɓa ƙofa ba. Ina roƙon a lura da wani abu kuma: su biyun duk sun miƙe a masallaci bayan Juma'a sun nemi addu'ar tafiya, sun faɗi ranar tashi da ranar dawowa, kamar yadda kowa ke yi.

6. A taron Lahadi, 28 ga Satumba, Malam Souley ya ɗaga maganar. Aka ce masa ya ji tsoron Allah, ya daina zargin mutane a ƙasar da ɓarayi suka fi tantabaru yawa. Aka sa shi ya durƙusa ya ba Alhaji Tsoho haƙuri, aka shafa Fatiha, aka raba lemo. Malam Kwame bai fito da wayarsa ba, ya ce shi baƙo ne cikin baƙi. Sakatare bai rubuta komai ba. Alhaji shugaban kwamiti yana Abuja a lokacin, shi ya sa nake zaton labarin bai iso gare ku yadda yake ba.

7. Motoci uku ne a reshen nan masu wannan kujera. Saura ɗaya.

8. Likita ya sa ranar Litinin, 27 ga Oktoba, don yi wa Yaya Balki tiyata. Za ta kwana biyar a asibiti, mijinta na tare da ita. Bayan sallama kuma sai ta yi mako shida tana komawa ana duba ta, a kwance, ba a zaune ba. Inshora ba ta ɗauki motar asibiti ba sai ta ranar sallama kaɗai. Na roƙi Malam Usaini kada ya sanar a masallaci. Ya dube ni kamar na ce ya bar salla. Ranar Juma'a, 10 ga wata, ina sashen mata na ji muryarsa a lasifika yana neman addu'a, ya faɗi rana, ya faɗi kwanaki. Jama'a suka ce amin.

9. Ranar Talata, 14 ga wata, da hantsi, yana wurin wankin mota sai ga Hakeem. Suka gaisa. Ba tare da neman izini ba ya buɗe ƙofar baya, ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya ɗauki hoton lambar da ke jikin ƙarfenta. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa yana cewa, "Malam, har yanzu tana tausa kuwa? Kana ji da ita fa." Malam Usaini ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi. Da ya dawo gida bai ci abinci ba.

10. Ranar Alhamis, 16 ga wata, bayan na matsa masa lamba, ya je ofis da hujjar cewa batirin makullinsa ya yi sanyi, yana so ya ari na akwati. Alhaji Tsoho ya buɗe akwatin a gabansa. Kowace ƙugiya da makullinta, ban da ta 47. Alhaji Tsoho bai ko ɗaga gira ba, ya ce, "Zai fito, ɗana, ai ba ƙafa gare shi ba." Mun kira dila don a kashe makullin da ya ɓace, suka ce babu gurbi sai 6 ga Nuwamba. Na ce a kai motar wurin ƙawata a Tompkinsville a ɓoye ta. Malam Usaini ya ce ko kusa, wai idan Baba, wato Alhaji Tsoho, ya wuce bai ga motar inda take kwana ba, zai san ana zarginsa.

11. Kada kwamiti ya ɗauka wauta ce ke damun mijin yayata. Ya san abin da na sani, ya ma fi ni sani. Amma Alhaji Tsoho ne ya tarbe shi a filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan da jaka ɗaya da rigar da ba ta tare sanyi. A falonsa ya kwana wata bakwai. Shi ya koya masa hanyoyin garin, ya raka shi neman lasisi, ya tsaya masa har Yaya Balki ta iso. Baba yake kiransa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya zama a kujera idan yana tsaye. Mutum irin wannan, ko ya gan ka da sukundireba a cikin motarsa, gaishe ka zai yi ya ce sannu da aiki. Kwana huɗu ke nan yana fita da sassafe ya zagaya motar, ya buɗe baya, ya danna maɓalli, ya ji kujerar ta motsa, sannan ya sauke numfashi. Yaya Balki na kallonsa ta taga. Ba wanda ya faɗa mata komai, amma shekaranjiya ta tambaye ni ko ana iya kwantar da mutum a bayan tasi.

12. Ranar Juma'ar da ta wuce, 17 ga wata, a ƙofar masallaci, a gaban idona, Alhaji Tsoho ya kama hannun Malam Usaini da hannu biyu. Ya yi wa Yaya Balki doguwar addu'a har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya rage murya ya ce, "Batun mota kuma kada ka sa a ranka. Ka bar ta inda ka saba, ka kula da iyalinka. Mu za mu kula da ita." Malam Usaini ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Baba."

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon kwamiti:

(a) Ya umarci a fito da makulli mai lamba 47 a damƙa wa mai shi, a gaban shaidu biyu, kafin sallar Juma'a ta 24 ga wata.

(b) Ya karɓi akwatin ya riƙe a hannunsa har a kammala bincike, a kuma buɗe littafin sa hannu, babba da yaro.

(c) Ya kira Malam Kwame shi kaɗai, ba a taro ba, ya duba abin da ke wayarsa, sannan ya tambayi Hakeem abin da motar ta je yi garejinsa.

(d) Kada a kira Malam Usaini a gaban Alhaji Tsoho a tambaye shi ko yana zargin wani. Zai ce a'a, zai kuma rantse.

Ban kai maganar wurin 'yan sanda ba, domin na san abin da shigar hukuma ofishin ƙungiya za ta jawo wa bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Ba barazana nake yi ba, Allah shaida. Abin da ke hannuna kaɗai zan faɗa. Na ɗauki hutun kwana biyar daga wurin aiki don in tsaya a kan yayata, ni da na san hannun da ake juya mai irin ciwonta. Idan Juma'a ta wuce makulli bai fito ba, ba asibiti zan yi hutun ba. Ranar Litinin za a tura ta ɗakin tiyata tana waige tana nemana, ni kuwa ina Grand Concourse cikin motar, a zaune a kan kujerar, na kulle ƙofa ta ciki, ina jiran in ga fuskar wanda zai zo da makulli.

Ina neman afuwa idan na wuce gona da iri a magana. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da basira, ya ba kwamiti ikon tsayawa kan gaskiya.

Taku cikin girmamawa,

Rafi'atu Sale Gwarzo
A madadin Malam Usaini Garba, mamba mai lamba 47