Famfon da Suka Ɗora wa Rijiyarka

Zuwa ga Yaya Tanko, mahaƙin rijiyar Kaikai, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina sanar da kai abin da aka yi wa rijiyarka.

Bara Nasara ya zo ya leƙa ta, ya toshe hanci, ya ce guga ke zuba mata ƙazanta. Aka rufe bakinta da siminti, aka kafa wani ƙarfe mai hannu, wai shi famfo. Mutanenka har da guɗa. Waɗanda ka shayar tun suna goye, Yaya, su ne suka kwance igiyoyin gugansu suka ɗaure awaki.

Da bazara ta kama, abin ya ƙi. A danna, a danna, sai tari shike kamar tsohon jaki. Makanike ya zo daga Katsina da ɗan gajeren wandonsa, ya zaro bututu, ya nuna mana wata 'yar ƙofa a gindinsa, wai bawul: ta buɗe ruwa ya hau, ta rufe kada ya koma. Yashi ya cinye fatar da ke toshe ta. Fata, Yaya! Duk wannan ƙarfe da fankama, ashe ransa na ga guntun fatar da ba ta kai tafin hannu ba. Ya ce sabuwa sai daga Kano, ya hau kekensa, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba.

Sai mai unguwa, sarkin dabara, ya ce kayan Nasara ba a sa masu fatar banza. Ya sa baduku ya yanko jar fatar akuya, irin ta adon sirdi, aka shafe ta da man shanu, maƙeri ya mayar. Ruwa ya fito jawur yana ƙarni. Liman ya hana alwala da shi. Kafin la'asar fatar ta yage ta cushe bawul ɗin, hannun ma ya ƙame.

Yanzu ga rijiya cike, ga mu a kanta da ƙishirwa. Hansai matarka, da wannan gwiwar tata mai ciwo, ita ke zuwa fadama ɗibar ruwan da shanu suka tattake. Jiya na iske ta zaune a hanya, tulu ya fashe, ko kuka ba ta yi. Kai da ba ka taɓa barinta ta ja guga ba.

Na tuna ranar da ka fito daga ramin nan, laka har gira, kana dariya, ka ce mani, "Bawa, ruwan nan ko baƙo kada a tambaye shi daga ina."

Gobe bayan sallar asuba zan ɗauki guduma in fasa simintin nan. An ce hakimi zai turo dogarai. Su zo. Ko gidan yari ai ana ba mutum ruwa.

Allah ya sanyaya makwancinka, ya yafe maka, ya shayar da kai daga Alkausara kamar yadda ka shayar da mu.

Ƙanenka da ka bar wa gida,
Bawa.