Kifin da Ba a Ci

Cheras, Kuala Lumpur
Yuni, 2021

Zuwa ga Jumai, Maman Zuhra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Zuhra da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Ruwa ya sauka a Nguru kuwa? Ni lafiyata lau, alhamdulillahi, sai zaman ɗaki. An sake kulle garin, jami'a ma a rufe take.

Kin tambaye ni yadda nake cinye wuni. To, mijinki ya zama mai jinyar kifi. Ki riƙe dariyarki tukuna.

Kin san Ankul Yap, tsohon Basinen da muke haya a saman gidansa, ni da Ashafa ɗan Gusau, mai sayar wa ɗalibai kuka da daddawa. Cutar nan da ta sa aka kulle gari ta kama shi, motar asibiti ta tafi da shi. 'Yarsa tilo tana Penang, kuma an hana tsallaka jiha. Ana tura shi a gado yana numfashi da ƙyar, amma kifayensa ne damuwarsa. A bayan gida yana da ɗan tafki na siminti cike da kifayen ado da ake kira koi, ja da fari da ruwan gwal, kowanne ya kai damtsena. Ba a cin su. Bari in maimaita miki, ba a cin su. Ranar da na fara ganinsu, miyar da Inna za ta yi da guda ɗaya kawai nake tunawa.

Babbar cikinsu, marigayiyar matarsa ce ta rene ta tun tana kamar yatsa. Tana da suna da Sinanci, harshena ya gaza, sai na sa mata Hajiya, saboda tafiyarta ta ƙasaita da yadda sauran ke ba ta hanya.

Aikina shi ne in ba su abinci, sannan kullum da safe in ɗauki bidiyonsu in tura masa. 'Yarsa ta ce ba ya karɓar karin kumallo sai ya kalla. A bidiyon ne ma ya riga ni ganin Hajiya ba ta da lafiya: ta naɗe fikafikanta, tana goga jiki a bango, ga jan zane a wutsiyarta. Maganin, in ji shi, gishiri ne. Mu a gida sai kifi ya mutu ake sa masa gishiri, nan kuma da ransa.

Sai dai gishirin yana da dokoki fiye da jami'armu. Ba na miya ba, wanda aka haɗa da aidin. Sai mai tsakuwa, zalla. A narkar da shi a bokiti tukuna, a zuba kaɗan-kaɗan, ba a rana ɗaya ba. A fitar da shuke-shuken ruwa, don ba sa jurewa. Kuma ruwa yana ƙafewa amma gishiri yana nan, saboda haka ba a ƙari sai an canza ruwa. Ya sa na ware Hajiya a wani babban baho da injin iska, don nata awon ya fi na sauran ƙarfi. Buhun gishirin ya kusa ƙasa, shagon kayan kifi kuma a rufe yake.

Ba wani abu nake ji game da kifin ba. Amana ce aka ba ni, shi ke nan. Ki shafa mini kan Zuhra.

Mijinki,
Fatihu

Cheras
Yuli, 2021

Maman Zuhra,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin Zuhra ya sauka. Ki yi wa Inna sannu. Na ga saƙonki, har da tambayar ko Hajiya ta warke ta fara karɓar baƙi. Na gode da tsiya.

Kifayen tafkin duk sun mutu. Ga yadda aka yi.

Biyu daga cikinsu sun fara goga jiki kamar yadda Hajiya ta yi, gishiri kuma ya ƙare. Mutum ɗaya ake bari ya fita sayayya daga kowane gida, sai na sa takunkumi na fita. Na shiga kedai na fita, na shiga wani, ƙananan shagunan unguwa ke nan, ko'ina gishirin miya ne. Har kasuwa na leƙa, na tarar an ɗaure ƙofarta da igiya.

Ashafa yana gida. Tun da aka kulle gari kasuwarsa ta tsaya, yana da ragowar buhun kanwa a ƙarƙashin gado. Ga Babbar Sallah ta matso, hankalinsa duk yana kan ragunan mahaifinsa. Ya tuna yadda in rago ya ƙi kiwo ake jiƙa masa kanwa, kafin yamma ya miƙe. A wajensa kanwa gishirin dabbobi ce, har ma ta fi gishiri. Ya daka ta, ya narkar a bokiti yadda ya ga ina yi, ya zuba. Ashafa kuwa bai iya rowa ba, ko a miya hannunsa cike yake.

Na dawo na tarar ruwan ya yi fari-fari, kifayen duk sun taso sama baki buɗe. Ashe kanwa ƙona musu wajen numfashi take yi. Muka yi ta kwasar ruwa da bokiti, amma ruwan famfo ma ba a zuba musu shi haka nan, sai an kashe maganin da ke cikinsa. Kafin la'asar babu mai motsi. Ashafa ya zauna a ƙasa yana kuka, ƙaton mutum. Ban yi masa faɗa ba, ban ga abin da faɗan zai dawo da shi ba. Muka binne su a gindin gwanda. Ko sau ɗaya soya su bai zo mini a rai ba, abin da ya ba ni mamaki.

Hajiya kaɗai ta tsira, tun da tana bahonta.

Washegari ita kaɗai na ɗauka na tura. Ashafa ya roƙe ni in riƙa haɗawa da tsofaffin bidiyo har tsohon ya fito, wai mara lafiya ba a ba shi irin wannan labari. Ba a jima ba Ankul Yap ya rubuto yana tambayar tafki. Kin san halina, ban iya kwana-kwana ba. Na rubuta masa abin da ya faru daga farko har ƙarshe.

Sai bayan azahar amsa ta zo. Bai ambaci waɗanda suka mutu ba ko da kalma ɗaya. Ya ce jan wutsiyar Hajiya ya fara dusashewa, in fara rage mata gishiri ta hanyar canza ruwa kaɗan-kaɗan, kada in yi gaggawa. Ya ƙara da cewa in gaya wa Ashafa ya ci abinci.

Jiya 'yarsa ta sanar da ni an sa masa na'urar numfashi, ba ya iya riƙe waya. Ina dai turawa kullum.

Ku sa shi a addu'a, mutumin kirki ne.

Naki,
Fatihu

Cheras
Bayan Sallah

Jumai,

Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ga hoton Zuhra da lallenta, ta yi kyau. Ina gaida Inna. Mu a falo muka yi idi, ni liman, Ashafa mamu.

Kin tambayi dalilin da ya sa kika tashi kika ga bidiyon kifi a wayarki babu ko bayani.

Ankul Yap ya rasu ranar jajibere. Ba a bar kowa ya raka shi ba, har 'yarsa. Ta kira ni tana kuka, ta ce ita ba ta san kan kifi ba, in riƙe Hajiya har a buɗe hanya. Na so in tambaye ta ko labarin da na ba shi ya ƙara masa ciwo, sai na ga ba ita ce za ta sani ba. Ashafa bai taɓa ce mini da ka ji maganata ba, ni ma ban taɓa ce masa da ba ka zuba ba. Haka muke zaune, muna cin abinci a kwano ɗaya. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba, kuma abin yana damuna.

Hajiya ta warke sarai. Na bi maganar Ankul Yap, na rage gishirin a hankali har ruwan ya koma yadda yake. Ashafa ya wanke tafkin da hannunsa har fatarsa ta saɓule, muka mayar da ita. Tana zagayawa da ƙasaitarta, sai dai babu mai ba ta hanya.

Shekaranjiya da safe na ba ta abinci, na ɗauki bidiyo kamar kullum, yatsana ya tafi kan sunan Ankul Yap da kansa. Na ga na baya a jere, babu wanda aka buɗe. Na daɗe a tsaye a bakin tafkin da waya a hannu. Sunanki ne a ƙasan nasa, sai na tura miki.

Gobe ma zan turo. Ba sai kin ce komai ba, ki dai buɗe, in ga alamar an kalla.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Fatihu