Ƙofar Yamma a Sashen Inna

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da kewa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauwaƙe miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana tasar miki idan sanyin can ya shigo, ya raya mana yaran, ya sa su fi mu. Mu nan sai godiya. Uwar yara tana fama da keken ɗinkinta, 'yar lelenki kuma ta fara haƙori, ta hana kowa sakat, abin da ta kama sai baki. Inna da sauƙi, tarin ya lafa amma bai tafi ba. A kansa ne ma na zauna rubuta miki, don idan na ɗauko maganar a waya murya zan ɗaga, ke kuma ki fara ba ni haƙuri tun ba ki ji ƙarshenta ba.

Kin san lokacin da babban yayanmu Manaja ya yi gini a rabonsa na filin Baba, sai da ya gama komai, har rumfar ajiye mota, sannan ya tuna yana da uwa. Da ragowar bulo aka ɗora wa Inna ɗaki a bayan gida. Hoton da ya tura miki bai yi ƙarya ba, fenti kam an sha. Abin da hoton bai nuna miki ba shi ne kwano ne tsirara babu silin, taga guda ce kuma yamma take kallo, sannan a gindin tagar aka girke janareta. Abin da ya fi ci mini rai, wutar janaretan ba ta shiga ɗakin. Ya ce wayar ce ba ta kai ba, za a ja daga baya. Har yau bayan nan bai zo ba.

Wata rana cikin zafin bara na leƙa gaishe ta da la'asar. An ɗauke wuta, injin yana ta ruri, falon Manaja yana shan sanyi. Na iske uwarmu a zaune a ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma a ka, ta rufe tagar saboda hayaƙi, ɗakin kamar an hura gawayi a ciki. Tana ganina ta cire tsumman ta tura ƙarƙashin tabarma, wai kada in gani. Da na je wa Manaja da maganar, ko ƙafarsa bai sauke daga kan tebur ba. Ya ce tsofaffi ba sa son sanyi, kuma wanda yake zaman haya bai kamata ya koya wa mai gida yadda ake riƙe uwa ba. Ranar da na aza bulo ɗaya a kan ɗaya, in dawo mu yi magana. Yaya, juyawa kawai na yi. Na fito na tsaya a nawa rabon filin da ke jikin katangarsa, na yi wa kaina alkawarin sai ya haɗiye maganar nan da yawunsa.

Saboda haka da Allah ya hore muka tashi ginin namu gidan, na je wurin mai zanen gini na ce mata kada ta zana mini falo ko ɗakin barci tukuna. Sashen Inna za ta fara zanawa, ta zaɓa masa wurin da ya fi kowane iska a filin, mu da yara a cusa mu inda ya rage. Ta yi dariya ta ce tunda take aikin nan, ɗakin tsohuwa shi ne abin da ake tunawa bayan siminti ya ƙare. Na ce to ni da shi zan fara. Na kuma gaya mata ina son ɗakin da zai yi sanyi da kansa, ba wanda zai jira wani ya ga dama ya tayar masa da inji ba.

Matar nan ta san aikinta. Sau da yawa ta zo filin, safe da rana da yamma, tana duba inda inuwa take faɗawa da inda iska take shigowa. Ta sa tagogi a kudu da arewa suna fuskantar juna, yadda iska za ta ratsa ta wuce, da wasu ƙanana can sama kusa da silin don zafi ya sami hanyar fita. Rufin fari za a yi, a shimfiɗa wani abu kamar katifa tsakanin kwano da silin, kuma bakin rufin ya zarce bango sosai don ya yi masa inuwa. A sama za a ɗora sola da batirinta, iya abin da zai riƙe fanka da ƙwayayen fitila da ƙaramin firjin maganinta, da tankin da rana za ta riƙa ɗumama mata ruwan alwala. Babu matakala ko ɗaya, banɗaki a ciki da ƙarfen dafawa, ɗan kicin nata na kanta, don kin san Inna ba ta yarda kowa ya iya girki ba. Mangwaron nan da Baba ya dasa ma an bar shi, barandarta a ƙarƙashinsa take.

Sai bangon yamma, wanda shi ne ya haɗa iyaka da gidan Manaja. Mai zane ta ce nan ne rana take dukan gini da la'asar, gara a yi shi ruɓi biyu da rata a tsakani, kuma kada a buɗe masa taga ko ƙofa. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, da ta faɗi haka sai da na ji wani daɗi har cikin ƙashina. Ita zafi take tarewa, ni kuwa na san wanda nake tarewa. Na riƙa hango Manaja ya buɗe labulen falonsa, babu abin da zai gani sai ƙeyar ɗakin uwarsa. Idan yana son gaishe ta, ya zagayo ta titi a idon maƙwabta, ya buga ƙofar ɗan hayan nan, a tambaye shi wane ne. Kullum na je duba aiki, wurin bangon nan nake fara tsayawa. Birkila har tsokanata yake yi, wai ko nan zan ajiye gadona.

Da gini ya tashi har ya kusa rufi na ɗauko Inna ta gani. Ta shiga a hankali tana shafa bango, ta tsaya tsakanin tagogin nan biyu iska tana kaɗa mata mayafi, ta lumshe ido. Rabon da in ga fuskarta haka na manta. Ta tambayi amfanin ƙananan tagogin sama na gaya mata, ta gwada tsayin wurin da za a sa kantar kicin ta ce a rage. Ni duk na gama sakankancewa. Sai ta juya ta fuskanci bangon yamma, ta daɗe tana kallonsa, ta tambaye ni ta ina ake bi zuwa gidan yayana. Na fara zuba mata bayanin rana da ruɓi biyu da rata. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Auta, ni na haife ka, na san bangon rana na san bangon fushi. Ba zan kwana na ba ɗana baya ba. In babu ƙofa a nan, ka sa hatsi a ɗakin."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na tuna mata tsumman, na tuna mata tarin, na ce likita da bakinsa ya ce hayaƙin nan ne, kuma idan ta ƙara cin wani zafin a ɗakin can ba mu san yadda za ta kaya ba. Ta ce duk ta sani, ƙirjinta ne ba nawa ba. Ta ɗaura mayafinta ta koma gindin janaretanta. Na aika uwar yara ta lallashe ta, ta dawo tana share hawaye, ta ce in daina wahalar da kaina. Kwana da kwanaki ban taka wurin ginin ba. Ga zafi yana matsowa, ga ɗaki ya kusa rufi, ga mai ɗaki ta ƙi. Na rasa wanda na fi jin haushi tsakanin Manaja da zuciyar uwa.

A ƙarshe na sauko, don ba zan yi caca da huhun Inna ba. Amma ki ji abin da ya biyo baya. Ko da Manaja ya ji za a fasa ƙofa ta katangarsa, sai ya hau murna. Har ya tari mutane a bakin masallaci yana cewa ai Inna ba tashi za ta yi ba, faɗaɗa mata suka yi, ƙaninsa ya ɗan taimaka da 'yan bulo. 'Yan bulo, Yaya. Wanda ya kawo mini labarin bai gama rufe baki ba na nufi ofishin mai zane. Na tambaye ta, tunda dole a buɗe bangon, yaya za a yi zafi bai shigo da yawa ba. Ta ce a yi wa ƙofar rumfa, a yi ta da katako mai kauri, kuma iya ƙanƙantarta iya sanyin ɗakin. Na ce ta maimaita na ƙarshen. Ta maimaita. Na ce to a auna ta da tsayin mai ɗakin, a ƙara mata tafin hannu saboda ɗaurin kallabi. Ta dube ni ta saman gilashinta ta ce baƙi fa, na ce baƙi suna da ƙofar gaba, wannan ta mutum ɗaya ce. Kin dai san Inna ko kafaɗata ba ta kai ba, kin kuma san tsayin Manaja, da yadda yake tafiya hanci a sama. Duk ranar da zai shiga wurin uwarsa, sai ya sunkuyar da kai ya rusuna, yana so ko ba ya so, safe da yamma, har iya rayuwar da Allah ya ɗiba mata.

Shekaranjiya kafinta ya kafa katakon ƙofar, na sake kawo Inna. Na dai san ba a yi mata wayo. Ta shiga ta fita a tsaye ba tare da ta taɓa komai ba. Ta dawo ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga hannu ta taɓa katakon da ke saman kanta, ta leƙa gidan Manaja, sannan ta juyo ta zuba mini ido har na sunkuyar da nawa kan. Na gama shirya amsar da zan ba ta idan ta ce a ɗaga. Sai kawai ta ce, "Allah ya shirye ka, Auta." Ta juya wurin kafinta ta tambaye shi yaushe zai gama, don tana so a kwaso mata kayanta kafin zafi ya kankama. Ba ta ce a ƙara ko yatsa ɗaya ba.

To kin ji inda muke. Rufi da sola sun rage, sai fenti. Roƙona gare ki guda ne: idan kun yi waya da Manaja ki yi masa fatan alheri yadda kika saba, amma kada ki ce masa komai game da tsayin ƙofar. Na fi son goshinsa ya fara ba shi labari.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da takwarar Inna, da sarkin rigimarki wanda na ji ya fara makaranta. Uwar yara tana gaishe ki, ta ce labulen sashen Inna ita za ta ɗinka, ki turo launin da kike so. Inna tana sa miki albarka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri a barandarta.

Naki har kullum,
ƙaninki Auta.