Kuben Wuƙar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Wuƙar Baba ta sake zamewa daga kube. Ya sunkuya zai sa takalmi, sai ƙararta na ji a siminti, kaɗan ya rage ta sauka a ƙafarsa. Kuben ya tsufa, baki ya saki, ɗinkin gefe duk ya warware. Ga hannun nasa yanzu rawa yake yi. Ya ɗauka ya mayar, ko kallona bai yi ba, ya tafi teburin namansa. Ni ce na kasa karyawa.

Talata, 4 ga Maris
Yaya ya kira. Wai in ɓoye wuƙar, Baba ya zauna a gida haka nan. Daga nesa ai magana ba wuya. Shi ya zo ya ɓoye mana!

Alhamis, 6 ga Maris
Na je wajen baduku da wuƙar a naɗe cikin tsumma. Duk kuben da ya ɗauko sai ya zura ta, ya kifa shi ƙasa ya girgiza. Ya ce, “In ta faɗo, ba kube ba ne. In sai an yi kokawa za ta fito, shi ma ba kube ba ne.” Akwai wani mai kauri da ya haɗiye har rabin ƙota, shi kansa sai da ya ciji leɓe kafin ya zaro ta. Na ce shi nake so.

“Malama, wannan sai an jiƙa shi. Ki naɗe wuƙar a leda ki zura, ya bushe a jikinta.”

Na ce to. Ba ni da niyyar jiƙawa. In Baba ya kasa zarewa zai haƙura da kansa, ba ni na hana shi ba.

Asabar, 8 ga Maris
Baba ya yaba ɗinkin, har da sansana fatar. Ya zura wuƙar, ya ja. Ya matse kuben tsakanin gwiwoyi ya sake ja, har jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya ajiye. “Ya yi kyau, ’yar nan. Allah ya yi miki albarka.” Bai fita ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Dabarata ta ci. To me ya hana ni zama wuri ɗaya? Na share tsakar gida, na sake sharewa.

Talata, 11 ga Maris
Baba ya wuni a ƙofar ɗaki yana juya dutsen washi a hannu, ba abin wasawa. Maƙwabcin teburinsa ya leƙo, wai masu saye suna ta tambaya. Baba ya ce, “Ni lafiyata ƙalau, wuƙar ce ta shiga ɗaki ta kulle.” Suka yi dariya. Ni na shige kicin, kunya kamar in nutse.

Laraba, 12 ga Maris
Na jiƙa kuben. Don kada fatar ta bushe ta tsage ne kawai. Na dai ɗan danna bakin da yatsu, daidai inda ƙotar ke zama.

Juma’a, 14 ga Maris
Ya bushe. Na kifa na girgiza har kafaɗata ta gaji, wuƙar ko motsi. Baba ya tura ƙotar da babban yatsa, ta fito sumul. Hannun yana nan yana rawa, wannan ba aikin kube ba ne, kuma tsoron bai bar ni ba. Ni na ɗaura masa a ƙugu, na ja maɗaurin sosai.

A bakin ƙofa ya juyo. “Tun Asabar nake jira ki jiƙa shi.”

Yaya ya kira, ban ɗauka ba. Zan leƙa kasuwa da rana. Albasa ce ta ƙare.