Keken da Ka Bar Mini Amana

Daga yayarka Zainabu a Gure, zuwa ga ƙanena Bukar a Nguru. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta aikin awon gyaɗa.

Bayan haka, ka gafarce ni da na dame ka da takarda, alhali na san kaka ta yi, ko zama ba ka samu. Da abin mai jira ne da na bari sai ka dawo. Ba mai jira ba ne, kuma da laifina a ciki, don haka zan faɗa maka tun daga farko, ba zan rage kome ba.

Ka tuna ranar tafiyarka, ka shigo da kekenka ɗakina ka jingine shi bayan gado, ka ce, "Yaya, amana ce, kada kowa ya hau." Na ce to. Wata biyu ina goge shi da tsumma kowace safiya.

Da ruwa ya ɗauke sai na ga robar ƙafafun ta fara yin fari-fari. Kai ka san gidan da muka tashi. Baba bai taɓa barin fata ta bushe a gabansa ba, guga ne ko takalmi, sai ya shafe da mai. Sai na ɗebo man shanu mai kyau, na matan Alakos, na zauna na murtsuke ƙafafun biyu har suna ƙyalli. Daɗi ma na ji, ina cewa na kyauta maka.

Kwana biyu tururuwa ta cika ɗakin. Na fitar da keken tsakar gida, akuya ta bi shi da lasa, rairayi ya manne ko'ina. Malam maigidana, surukinka, ya ce bari ya kai shi bayan gari ya kakkaɓe. Ya ce ja kawai zai yi.

Ya dawo da la'asar, wando a yage ta gwiwa, gemu duk ƙasa, yana wani murmushi da rabona da gani tun muna da ƙuruciya. Na gane hawa ya yi, ban hana shi ba. Wannan ne laifina na biyu, kuma kwana tara na yi a cikinsa.

Ka san a garin nan rairayi ke shanye ƙafar keke, kai ma rabin hanya ja kake yi. To, Malam ya gano wuri. Tabkin nan na gefen hanyar Kelle, da ya janye ya bar ƙasa mai tauri kamar daɓe. Daga tsamiya yake tashi, ya nufi goriba uku, ya zagayo. Ni ma na je, da sunan neman kaba. Mutum mai shekara hamsin da ɗori, ya tamke riga a ƙugu, yana ta buga ƙararrawa ga shanun da ba su tare masa hanya ba. Na laɓe ina dariya har da hawaye, Allah ya yafe mini.

A can tafintan kumandan, Baturen mulki, ya same shi. Tafintan ne mai ɗaya keken na garin. Daga bakinsa muka ji wai man shanu cin roba yake. Na wanke da sabulu da ruwan ɗumi har sau uku. Ƙafar gaba lafiya lau. Ta baya akwai wuri, faɗin babban yatsa, da ya yi laushi. Iska ba ta fita, amma dai na faɗa maka.

Ran kasuwa tafinta ya hango Malam cikin mutane, ya ɗaga murya ya ce, "Ga mai keken man shanu, saura a kawo tuwo!" Malam da ka sani, wanda ko yaro bai taɓa yi wa tsawa ba, ya ce su haɗu a tabki a gani. An sa tsere Juma'a ta uku daga yau, bayan la'asar. Ba a sa kome ba, sai baki. Gari ya ɗauka. Mahauta na bayan Malam, mutanen bariki na bayan tafinta, an ce har daga Gidigir wasu za su zo kallo.

A nan na farga. Na mayar da keken ɗaki na ja ƙofa, na ce wa Malam ba nawa ba ne balle nasa, sai mai shi ya yi magana. Bai yi musu ba, ya ce gaskiyata. Amma tun ranar ya daina zama ƙofar gida bayan salla. Jiya da safe na tarar da shi zaune kan kifaffen turmi yana juya ƙafafu a iska. Da ya gan ni sai ya ce jijiya yake miƙewa.

Bukar, ni na goye ka. Ranar da ka saci hawan jakin Baba ya watsar da kai cikin ƙaya, ni na cire maka ita da allura, ban faɗa wa kowa ba har Baba ya rasu. Ba don ka rama mini na tuna ba. Fuskar da ka yi kafin jakin ya kayar da kai, ita na gani wurin Malam a tabki.

Roƙona shi ne ka ara wa Malam keken ya yi tseren nan. In ka ce a'a, a'a ce. Zai je ya janye maganarsa gaban mutane, mu raba kunyar ni da shi, kuma ba za mu riƙe ka a rai ba. In ka yarda, ka yi wa dattijo alheri.

Allah ya tsare ka, ya sa albarka a aikinka, ya jiƙan Baba da Inna, ya dawo mana da kai lafiya.

Mai raƙuman da ya kawo maka wannan kwana ɗaya zai yi a Nguru, ka ba shi amsar ya taho da ita. In na'am ce, ka ƙara da bayanin yadda ake tsayar da keken, domin har yau Malam tulin rairayi yake nufa in zai sauka. Don Allah ka amsa da wuri.

Yayarka,
Zainabu