Hular Bakwaini

Zuwa ga 'yata Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Dogo da baƙon da muke jira. Mu ma lafiya lau, sai jikin Babanku da yake yadda kika bar shi. Hannun dama da ƙafa ba su tashi ba, amma baki kam ya warke sarai, tun safe yake ba ni umarni daga kan gado.

Na koma wasiƙa ne don na gaji da wayar nan. Kunnena ya yi nauyi, ku yi ta ihu ina cewa na'am, in ajiye ban san abin da aka ce ba. Direban da ke kawo wa mai kantin layinmu kaya yana bi ta unguwarku duk Talata da Juma'a, ya ce zai riƙa kai mini saƙo.

Ga ƙunshi nan: rigar sanyi biyu, safa kala uku, da hula. Da gangan na saƙa su manya. Ranar da na haifi mijinki, hular ɗan wata uku ma ƙin shiga kansa ta yi, kada ki ce ban gaya miki ba. Babanku ne ya riƙe mini zaren ulun da hannun hagu ina naɗewa, ya ce lallai a rubuta da shi aka yi aikin.

Sai magana ɗaya. Dogo ya ce har yanzu kina hawa benen makarantar nan sau huɗu a rana, ki wuni tsaye gaban allo. Saura wata biyu fa. Ki karɓi hutu, 'yan ajinki ba za su manta lissafi kafin ki dawo ba.

Ki gaida Dogo, ki ce ya rage gudu da babur.

Mamanku

*

Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Na kira ki sau biyar ranar Laraba, na san ba ki ji abin da nake faɗa ba, shi ya sa na rubuto.

Malama ta haihu, mace. Naƙuda ta kama ta a aji, abokan aikinta suka kai ta asibiti, kafin in iso daga gareji har ta sauka. Ita lafiyarta ƙalau. Yarinyar ce ba ta kai ba, bakwaini ce, kilo ɗaya da ɗigo uku. An sa ta a kwalba da siririyar roba a hanci. Mama, tafin hannuna ya fi bayanta faɗi.

Likita ya ce akwai fata, amma bai yi mini alkawari ba. Ya ce sanyi da ƙwayar cuta ake tsoro.

Kayanki sun iso. Aka gwada hular, ta rufe yarinyar har kafaɗa, babbar nas ta yi dariya ta ce a ajiye mata sai ta shiga makaranta. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ninke kayan ta tura ƙarƙashin matashi ta juya fuska bango. Na ce ta rubuto miki, ta ce ba ta da idon da za ta dube ki ko a takarda. Ban gane ba, ta kuma ƙi yi mini bayani.

Kada ki ce za ki taso, babu mai kula da Baba. Ki dai sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Dogo

*

'Yata,

Sannu, sannu da arziki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya mana ita. Na karanta wa Babanku takardar Dogo, ya ce in juya shi ya fuskanci taga. Ke kin san halinsa, ba ya son a ga idonsa ya kawo ruwa.

Ba dogon zance zan yi ba, aiki zan ba ki. Ga jan zare cikin ambulan. Ki roƙi nas ta zagaya kan yarinyar da shi, saman kunne, ki yanke daidai inda ya haɗu. Wani guntun kuma ki auna tafin ƙafarta daga diddige zuwa babban ɗan yatsa. Kada ki ba Dogo ya auna, mutumin da ya saba da tayar mota zai kawo mini abin da ba shi ba.

Na samo zare mai laushi wanda ba ya ƙaiƙayi, na wanke na shanya. Ke nake jira. Direba zai biyo Juma'a, ki haɗa da layi biyu da hannunki, ko da zagina za ki yi a kan katuwar hular nan.

Mamanki

*

Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi wa Baba ya jiki. Ga zaren nan guda biyu. Da nas ta miƙo mini na ƙafar sai na ce ta yi kuskure, ta sake aunawa a gabana. Haka yake, bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Ɗakin da take ɗumi gare shi kamar kicin. Kwalabe takwas ne a jere, kowacce da na'urarta mai ƙara. Sai mun wanke hannu har gwiwa kafin mu shiga. Duk bayan awa uku ina tatsa a ɗan kofi, a zuba mata ta roba. Jiya na zura hannu ta kafar kwalbar, ta kama ɗan yatsana ta riƙe. Ban san akwai farce ƙarami haka a duniya ba.

Mama, zan faɗa miki abin da na kasa faɗa wa ɗanki. Wasiƙarki ta farko ta zo ranar Talata. Na karanta inda kika ce in karɓi hutu, na yi dariya na ce Mama da tsoro. Shugabar makaranta ma ta ce a mayar da ajina ƙasa, na ce a bari sai an gama jarrabawa, don kada a ce na cika raki. Washegari na hau benen nan ɗauke da littattafai arba'in. A hawa na biyu na ji abin ya tsinke.

Kin faɗa mini, ban ji ba. Yanzu ga yarinya kwance tana numfashi da ƙyar, ƙirjinta na lotsawa, ni kuwa ina zaune lafiyata ƙalau. Duk lokacin da na'urar ta yi ƙara sai in ji ni take kira. Na tambayi likita ko benen ne, ya ce babu wanda zai iya cewa, sau da yawa ba a sanin dalili. Na san lallashina yake yi.

Ki yafe mini. In kin yi fushi ma ban ga laifinki ba.

'Yarki,
Malama

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ga hula uku, ja biyu da fara, da safa. Na ƙone ɗan yatsa wajen gaggawar girki don in koma kansu, amma an gama. Ki ba nas ta wanke su yadda suke yi.

Yanzu ki zauna ki karanta da kyau, don ban taɓa rubuta wannan ba, ban kuma faɗa wa Dogo ba.

Ba shi ne na fari ba. Kafin shi na haifi wata, ita ma bakwaini. Ni ban hau bene ba, ban ɗauki ko bokiti ba. Babanku ko tsintsiya ya gani a hannuna sai ya ƙwace. Ina kwance kamar sarauniya ta zo abinta. Asibitinmu na lokacin babu kwalba, aka ce mu tafi gida mu lulluɓe ta. Lokacin sanyi ne, duk kayan da muka saya sun yi mata yawa, iska na shiga ta wuya ta fita ta ƙafa. Na cusa auduga, na naɗe ta da ɗankwalina. Kwana shida ta yi.

Shekara guda ina neman laifina. Na tuhumi abin da na ci, na tuhumi yadda na kwanta. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta ga ina neman zaucewa, ta shigo ta sa mini tsinkayen saƙa a hannu ta ce, "Tunda kin ƙi daina lissafi, zo ki lissafa wannan." A nan na koya. Kuma abin da ya sa nake saƙa wa jarirai manyan kaya ke nan, hannuna ba ya yarda ya yi ƙarami. Wannan makon ne na fara, kuma na yi kuka a kan hular farko, ba zan ɓoye miki ba.

Saboda haka ba likita kaɗai ya faɗa ba, ni ma na faɗa: babu wanda ya sani. Maganar hutu da na yi miki tsorona ne, ba sanin gaibu ba. Babu abin yafewa tsakanina da ke. Yarinyar nan uwa take buƙata mai cin abinci ta ƙoshi, ba mai fuskantar bango ba.

Na sa miki tsofaffin tsinkayena da dunƙulen zare, da takardar da na zana yadda ake farawa. Zaman asibiti tsawo gare shi, hannu ya samu abin yi.

Mamanki

*

Mama,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni, mako uku ban rubuto ba, na san Dogo ya aiko miki da 'yan layuka. Bai faɗa miki duka ba. Kwana biyu da zuwan hulunanki zazzaɓi ya kama ta. Wata safiya ina tsaye numfashinta ya ɗauke, ta yi shuɗi. Nas ta ture ni gefe, ta yi ta murza mata baya tana cewa, "Haba Mai Jar Hula, ba mu yi haka da ke ba!" Sai ta ja iska ta tsala kuka. Sunan da duk ɗakin ke kiranta ke nan yanzu.

Kwana tara ana yi mata allurai. A kwanakin nan na buɗe takardarki ta zane. Na saƙa na warware sau goma sha ɗaya. Matar da ke gadon kusa da ni ta ce in ba ragar kamun kifi nake saƙawa ba, ba ta san me nake yi ba.

Na ba Dogo wasiƙarki ya karanta, ki yi haƙuri ban nemi izininki ba. Ya fita ya daɗe a bakin baranda. Da ya dawo ya ce, "Ashe ina da yaya."

Albishirinki: an cire robar hanci, tana kama nono da kanta, ta kai kilo biyu. Jibi za a sallame mu. Farar hular na bar wa jaririn kwalba ta shida, uwarsa ba ta da mai saƙa mata.

Abin da ke cikin ledar nan safa ce, in ba ki gane ba. Taki ce. Ƙafa ɗaya na iya gamawa.

'Yarki,
Malama

*

'Yata,

Alhamdu lillahi. Babanku ya sa na karanta masa sau uku.

Safa ta iso. Diddigen ya koma gefe, akwai rami biyu, bakin kuma ya matse ni kamar an ɗaure da igiya. Babanku ya ce jakar waya ce. Tana ƙafata tun jiya, har kanti na je da ita.

Kada ki ba direba ɗayar. In likita ya yarda da tafiya, ki kawo mini da hannunki, ki zo mini da yarinyata.

Mamanki